Anti, malami ya ce ba zan zana jarabawa ba saboda na kasa hawa bene

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ki ɓoye sunana da sunan makarantarmu. Ni ɗaliba ce a wata babbar makaranta a nan jihar Bauchi, ina aji biyu, shan inna ta kama ni tun ina ƙarama shi yasa da keken guragu nake zirga-zirga. A aji ɗaya ban wani sha wahala ba saboda kusan duk lakcocinmu a babban zaure na ƙasa ake yi, amma wannan semistar sai aka kai kwas biyu saman bene, babu lif babu komai sai matattakala. Da farko 'yan ajinmu maza ne suke haɗuwa su ɗaga ni da keken gaba ɗaya, Allah ya saka musu, amma wallahi kunya kamar in nutse, kuma rannan ƙafar ɗaya daga cikinsu ta zame saura ƙiris mu gangaro dukkanmu. Na gwada rarrafawa da kaina, kafin in kai sama hijabina ya yi dumu-dumu da ƙura ga mutane suna tsallake ni. Sai kawai na daina zuwa, ina karɓar littafin ƙawata ina kwafa. Yanzu ɗaya malamin ya ce duk wanda halartarsa ba ta kai kashi 75 ba ba zai zana jarabawa ba, na same shi na yi masa bayani ya ce doka ce ba shi ya kafa ta ba, wai in ya ɗaga min kowa ma zai zo da nasa uzurin. Ga banɗakin sashenmu shi ma da tudu a bakin ƙofa, keke baya shiga, shi yasa bana shan ruwa daga safe har sai na koma ɗaki da yamma. Da na faɗa a gida Baba cewa ya yi in haƙura in dawo a saya min keken ɗinki, wai ko na gama wa zai ɗauke ni aiki. Anti ina da wani haƙƙi a doka kuwa, ko alfarma kawai zan yi ta roƙo? Kuma ina tsoron in kai ƙara malamin ya ƙullace ni ya kayar da ni.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, kuma kin kyauta da kika rubuto tun kafin a kafe jadawalin jarabawa.

Bari in fara da maganar ruwan nan don ita ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Ki daina ƙin shan ruwa daga yau. Kin san zafin Bauchi in ya kankama wajen Maris da Afrilu, mutum mai shan ruwa ma yaya ya ƙare balle wadda ta wuni tana zaune a keke ba ta ɗiga komai a maƙogwaro ba, abin da ake samu a ƙarshe ciwon mafitsara ne da wahalar ƙoda, kuma babu wani digiri da ya kai wannan. Kafin a gyara banɗakin, ki ɗauki ƙawarki ku zaga ku duba wanda kekenki zai iya shiga mafi kusa, ko na asibitin makaranta ne ko na laburare ko na ma'aikata, ki samu wadda ke riƙe da mabuɗin ki gaya mata gaskiya. Ba maganin matsalar bane amma jikinki ba zai jira takarda ta zaga ofis-ofis ba.

To tambayarki. Eh, kina da haƙƙi, kuma a rubuce yake. Akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, ana kiranta dokar 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019 bayan shekaru ana kai ruwa rana a kanta. Sashe na 17 ya ce mai nakasa yana da cikakken 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ko ware shi gefe ba. Sashe na 18 kuma shi ne naki kai tsaye, ya ce duk makarantun gwamnati, firamare da sakandare har da manyan makarantu, dole a tafiyar da su yadda masu nakasa zasu iya shiga su yi karatu tare da kowa, kuma kowace makaranta ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu, da kayan aiki na musamman. Sannan akwai sassan farko-farko da suka yi maganar gine-gine, cewa ginin da jama'a ke shiga sai an yi masa hanyar keke da lif inda ake buƙata. Dokar ta bada wa'adin shekara 5 a gyara tsofaffin gine-gine, wa'adin nan kuma ya cika tun Janairun 2024, kinga kenan yanzu babu wanda zai fake da cewa ana kan lokacin shiri. Har hukunci ta tanada, mutum ɗaya in aka same shi da laifin nuna wariya tarar naira dubu 100 ne ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, in hukuma ce ko kamfani naira miliyan 1, kuma wanda aka zalunta yana da damar shigar da tasa ƙarar daban a kotu.

Bayan wannan, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2010, sashe na 24 nata ya ambaci manyan makarantu, ya ce a yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da lalurarsa matuƙar bai zama nauyin da ya wuce kima ba. Ki riƙe wannan ma'anar da kyau don ita ce amsar maganar malaminki. Ba cewa ake a rage miki tambayoyi ko a ƙara miki maki ba, jarabawar da kowa zai zana ita zaki zana, biron da za a yi wa kowa makin da shi za a yi miki. Abin da ake nema a cire miki shingen da ba shi da alaƙa da karatun. Hawa matattakala baya cikin manhajar kwas ɗin. Da ace kin ƙi zuwa aji ne saboda barci ko yawo, malam yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma an kai aji inda aka san ba zaki iya zuwa ba, sannan aka juyo ana hukunta ki don baki zo ba, wannan ko ba a buɗe littafin doka ba duk mai hankali ya san da gyara. Ƙa'idar kashi 75 gaskiya ce, makarantu da yawa suna da ita kuma tana da amfaninta, sai dai ƙa'idar cikin gida ce, ba zata hau kan dokar ƙasa ba.

Amma fa ba zan yaudare ki ba. Dokar nan tana da kyau a takarda, aiwatar da ita kam har yanzu da sauran tafiya mai nisa, ki zaga ma'aikatun gwamnati a cikin garin Bauchi ki ƙirga nawa ne kekenki zai shiga ba tare da an ɗaga ki ba. Wasu wuraren ma an yi gangaren don a ce an yi, amma tsayuwarsa kamar ta tsani, alhali yadda masana gini suka tsara, duk tsayin taku 1 ana so gangaren ya miƙe taku 12, in ba haka ba mai keke ba zai iya hawa da kansa ba kuma saukowa ma haɗari ne. Sannan kada wani ya ce miki dokar ta ce karatun jami'a kyauta ne ga masu nakasa, ina jin ana yawan faɗar haka, ba haka bane, kyautar da ta ambata iyakarta sakandare. In kika je kika faɗi abin da babu shi a ciki, wanda ya karanta zai kama ki a nan ya yi watsi da sauran maganarki mai gaskiya. Akwai kuma bambanci tsakanin makarantar tarayya da ta jiha, baki faɗa min wacce ce taku ba. In ta tarayya ce dokar tana kanta kai tsaye ba gardama. In ta jiha ce wani zai iya ce miki ai wannan dokar Abuja ce, to nan ma ba a rasa ba, jihar Bauchi tana da hukumarta ta kula da masu buƙata ta musamman, ki haɗa da su.

Yanzu abin yi. Kuskuren da na gani a labarinki, kuma kusan duk ɗaliban da ke cikin irin halinki suna yinsa, shi ne komai da baki ake yi. Kin samu malam a ofis ko a baranda kin yi bayani ya ce a'a, shikenan magana ta bi iska, gobe in aka tambaya zai ce shi bai tuna ba kuma ba lallai ƙarya yake ba, ɗalibai nawa ke tare shi a rana. A makaranta abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Don haka ki zauna yau ɗin nan ki rubuta takarda zuwa ga shugaban sashenku, HOD, ta hannun malamin da ke kula da ajinku, ki yi kwafi zuwa ga shugaban kula da harkokin ɗalibai. Da Turanci zaki rubuta tunda da shi ake aiki a can, amma ga abin da zata ƙunsa: sunanki da lambarki da ajinki, cewa kina amfani da keken guragu, lambobin kwasa-kwasan biyu da sunan zauren da ake yinsu da cewa a saman bene yake ba lif, ranar da kika daina iya zuwa da dalili, har da ranar da kuka kusa faɗowa. Sai ki faɗi abin da kike nema ɗaya bayan ɗaya, a dawo da lakcocin zauren ƙasa, a ba ki damar zana jarabawa ba tare da lissafa ranakun da matattakala ta hana ki ba, in akwai gwaji ko aikin aji da ya wuce ki a ba ki damar ramawa, a tabbatar zauren jarabawarki na ƙasa ne, a gyara bakin ƙofar banɗaki. Layi ɗaya ya isa ki ambaci sashe na 17 da 18 na dokar 2018, ba sai kin cika takardar da barazana ba. Shafi ɗaya kacal.

Ki lura ban ce ki rubuta "a taimaka min" ko "a duba halin da nake ciki" ba. Irin wannan takardar tausayi take jawowa, a ce Allah sarki a ajiye ta a fayil. Wadda ta faɗi takamaiman abu ita ce ake iya rubuta "an amince" a gefenta a tura wa mai tsara jadawali.

Ki haɗa da takardar likita daga asibitin gwamnati ko na makarantar, duk da kowa yana ganin kekenki da idonsa, fayil baya gani. Hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020 ƙarƙashin wannan dokar, tana bada takardar shaidar nakasa, in baki da ita ki fara nema a hankali don zata yi miki amfani nan gaba, amma kada ki tsaya jiranta. Sai abu mafi muhimmanci, ki yi fotokwafi, in kin miƙa wa sakatare ki ce dan Allah a buga miki hatimi da kwanan wata da sa hannu a kan kwafinki. Wani zai ce ki bari kawai zai kai, ki yi murmushi ki ce zaki jira. Ki ɗauki hoton kwafin a waya ki tura wa wani naki ya ajiye. Ki ɗauki hoton matattakalar da na bakin banɗakin ma.

Kin san abin da ya fi ba ni haushi a lamarin nan? Gyaran farko ko sisi ba zai ci ba. Ba cewa kika yi a gina lif gobe ba. A kowane sashe ko tsangaya akwai malamin da ke tsara jadawalin lakca da rabon zaure, a daidai awar da kuke sama akwai wani ajin a ƙasa da babu mai keke a cikinsu, musanya kawai za a yi, su hau ku sauko. Aikin minti goma ne in an ga dama. Shi yasa nake so bayan kin kai takardar ki nemi wannan malamin ido da ido ke da shugaban ajinku, in da hali ma ku riga ku gano zauren da za a yi musanyar da shi ku kai masa a shirye. Sau da yawa ba mugunta ce ta kai ajin sama ba, babu wanda ya tuna da ke ne lokacin da ake rabon, wanda shi ma laifi ne amma mai saurin gyaruwa. Tudun banɗaki kuma buhun siminti ɗaya da birkila ɗaya, sashen ayyuka na makarantar zasu gama shi kafin azahar.

Batun tsoron kada malam ya ƙullace ki, ba zan ce miki tsoron banza bane, muna ƙasar nan tare mun san yana faruwa. Shi yasa takardar farko ba ƙarar malam ba ce, kada ma ki sa sunansa a matsayin mai laifi, matsalarki da gini ce da jadawali. Hakan yana ba shi hanyar sauka ba tare da ya ji an ci masa fuska ba, in HOD ya rubuto cewa a bar ki ki zana, shi ma ya samu abin da zai nuna wa duk ɗalibin da ya zo da uzurin ƙarya, tunda dama abin da ya ce yana tsoro kenan. Ki ci gaba da gaishe shi kamar yadda kika saba. Amma ki ajiye duk takardun gwajinki da aka dawo miki da su da makin CA ɗinki, wato makin gwaji da aikin aji, in sakamako ya fito kika ga abin da hankali ba zai ɗauka ba, manyan makarantu suna da tsarin neman a sake duba takardar jarabawa, ki duba littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka ba ku a aji ɗaya zaki ga yadda ake yi. Kuma ki sani ɗalibar da sunanta yake a fayil a ofis uku ta fi wuyar taɓawa akan wadda ta yi shiru ba wanda ya san da ita.

Dan Allah kada ki fara da Facebook ko TikTok. Na san akwai masu ce miki ki ɗauki bidiyo kina rarrafe a matattakala ki saka duniya ta gani, eh zai yi yawo, za a yi ta Allah wadai kwana biyu, amma hotonki ne zai zauna a wayoyin mutane har abada kuma hukumar makaranta zata koma kare kanta maimakon gyara. Mutuncinki ya fi haka.

In sati biyu ya wuce shiru, ko kuma jarabawa ta matso kafin nan, sai ki hau gaba, shugaban tsangaya, daga nan magatakardar makaranta, kowace takarda ki liƙa mata kwafin ta baya mai hatimi don a ga kin bi layi. Ki sanar da ƙungiyar ɗalibai, ki tambaya ko akwai ƙungiyar ɗalibai masu buƙata ta musamman a makarantar, in babu ki nemo 'yan uwanki, ba zai yiwu ace ke kaɗai ba ce. Akwai makahon da ake raba wa takardar karatu a buge da inji ba a ba shi a waya ko kwamfuta yadda manhaja irin NVDA ko TalkBack zata karanta masa ba, akwai kurman da ke zaune a aji yana kallon bakin malami babu mai fassara da hannu, akwai zabiyan da baya ganin allo daga layin baya. Duk sashe na 18 ɗin nan ya shafe su. Takardar mutum biyar ba ɗaya take da ta mutum ɗaya ba. In cikin gida ya gagara, akwai ƙofofi a waje kuma ba a biyan kuɗi don kai koke: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofis a Bauchi, haka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa JONAPWD da ke da reshe a jihohi, ga ita hukumar masu nakasa ta ƙasa. In ta kai ga lauya akwai hukumar bada agajin shari'a ga marasa hali. Ni dai fatana ba zata kai can ba, kotu tana cin lokaci ke kuma semista bata jira, amma sanin cewa kin san hanyar can ɗin yana sa a saurare ki tun a ƙasa.

Wani abu da zan roƙe ki, tsakanin yau da ranar da za a sauko da ajin, kada ki ɓace. Ranar lakcar ki je gindin benen a kan lokaci, ki sa shugaban aji ya sanar da malam kina ƙasa, ki rubuta kwanan watan a littafinki. Ki nemi izinin malam ƙawarki ta naɗar miki muryar lakcar a waya, ko ta kira ki ki saurara da abin kunne. Kada a naɗa a ɓoye, a tambaye shi. Wannan zai nuna wa kowa cewa zuwa kike yi hawa ne ya gagara. Amma ɗaga ki da keke a matattakala kam na hana, kuma kin yi daidai da kika daina. Yaran nan sun yi halin kirki Allah ya biya su, sai dai in aka faɗo ke ce zaki karye, ƙila da ɗaya daga cikinsu, kuma muddin suna ɗaga ki makaranta zata ɗauka babu matsala. Kunyar da kika ji ma ba girman kai bane, kowace 'ya mace zata ji haka.

Saura Baba. Kada ki ji haushinsa, uba ne ya ji 'yarsa tana rarrafe a gaban mutane zuciyarsa ta kasa ɗauka, abin da ya zo masa kawai ya dawo da ke inda idonsa zai riƙa ganinki. Ɗinki kuma sana'a ce mai albarka babu wanda ya raina ta, in kina so ki koya lokacin hutu. Amma barin karatu a aji biyu saboda matattakala asara ce babba, ke da kika tsallake firamare da sakandare da WAEC da JAMB a kan wannan keken. Kada ki yi musu da shi, ki nemi wanda yake jin maganarsa, wansa ko amininsa ko limamin unguwa, ku je tare da kwafin takardar mai hatimi ki nuna masa cewa ba zaune kike kina kuka ba, kin ɗauki mataki, ki roƙe shi ya ba ki zuwa ƙarshen semistar nan ya gani. In zai iya ma ya zo makarantar da kansa ya gaisa da HOD, zuwan dattijo da babbar riga yana da nasa tasirin a wajenmu. Maganar wa zai ɗauke ki aiki, dokar nan dai ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa, ba ko'ina ake cikawa ba gaskiya, amma ko ranar da aka tashi cikawa mai takarda za a nema. Kuma Baba ya san tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya fi ni, makaho ne ya zo neman ilimi aka saukar da farkon suratu Abasa a kansa, daga baya ya zama ladan, har Manzon Allah (SAW) yakan bar masa Madina in zai yi tafiya. A addininmu ba a ce wa mai lalura ya koma gida in ya zo neman sani.

Ga malamai da shugabannin makarantu da ke karanta wannan shafin, na san kuna nan. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Najeriya a 2020, alhamdulillah, amma yaran da ta riga ta taɓa a shekarun 2000, lokacin da ta yi ƙamari a arewa, sune yanzu suka kai shekarun shiga jami'a da kwaleji da foliteknik. Suna zuwa, wasu sun riga sun iso. JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi da sauran masu lalura jarabawa a cibiyoyinsu, wato ƙofar shiga tana ƙara buɗewa, to ina amfanin a ba yarinya gurbin karatu sannan a kai ajinta inda ba zata kai ba? Tun ranar rijista ya kamata a tambayi kowane ɗalibi ko yana da lalura, a miƙa sunayen ga mai jadawali da mai rabon ɗakin kwana kafin a raba komai.

Ke kuma ƙanwata, ki koyi yin haka da kanki tunda kin ga yadda abin yake. Kowace semista, sati biyu kafin a koma, ki aika 'yar gajeriyar takardar tuni ga HOD da mai jadawali cewa kina nan kuma ga kwasa-kwasan da zaki ɗauka, haka kafin rabon hostal ki nemi ɗakin ƙasa kusa da banɗaki da famfo a rubuce, haka in lokacin zuwa aikin koyon sana'a ko koyarwa ya zo ki sa baki tun kafin a tura ki wani benen. Wajen rijista da banki da asibiti kuma dokar ta ce a fara sallamar masu nakasa kafin layi, ki faɗa a hankali ba tare da jin nauyi ba.

Ki rubuta takardar a daren nan, gobe da safe ki kai, ki tafi da gorar ruwanki. In an buga miki hatimin ki turo min hoton kwafin ta inda kika turo wannan saƙon, in sati biyu ya cika ba amsa sai mu zauna mu tsara ta biyun tare.